Yadda Ake Lissafin Wutar Da Fitilun Gaba Ke Ja Kafin A Ƙara Musu Haske

Tambayoyin da masu karatu suka fi turowa kan fitilar mota ba su wuce uku ba. Wani ya sa gulob mai wat 100, soket ya narke. Wani ya sa LED, dashbod ya dinga kawo masa gargaɗi. Wani kuma ya ɗaura doguwar fitila a saman Hilux, batir ya daina kwana da caji. Tushensu ɗaya ne: an sayi fitila ba a san yawan wutar da za ta ja ba, ba a kuma san abin da wayar motar za ta iya ɗauka ba. Abin da ke tafe na motoci ne masu bolt 12. Manyan motoci masu bolt 24 lissafin bai canza ba, sai dai amf ɗin, wato ma'aunin yawan wutar da fitila ke ja, ya koma rabi.

Kayan aiki

Maltimita, wato mitar auna wuta, mai ramin amf 10. In da hali, mita mai baki wadda ake maƙalawa a jikin waya, amma ka tabbatar tana karanta DC, don yawancin masu arha na wutar gida ne kawai, a mota ba za su nuna komai ba. Sai sifana mai lamba 10, filaya, samfefa, tef, da robar suturta waya. In aikin ya kai ga sa rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa don ya wuce da babbar wuta daga batir zuwa fitila, za a buƙaci rile biyu masu amf 30 ko 40, gidan fis biyu, waya, da soket na tangaran.

1. Gano irin gulob ɗin da ke motar

Ciro gulob ɗaya ka karanta rubutun da ke gindinsa. Idan H4 ne, gulob ɗaya ke yin dim da ful, ƙafafunsa uku, ƙarfinsa wat 55 a dim, 60 a ful. H7, H1 da H11 kowannensu wat 55 ne, zare ɗaya tak ke cikinsa. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka sun fi zuwa da 9006 a dim da 9005 a ful.

Ka kuma lura ko dim na mutuwa idan an ɗaga ful. A motoci da dama masu gulob huɗu, dukkansu ne ke ci lokaci guda, wato 55 biyu da 60 biyu, wat 230 ke nan. Wanda ya yi lissafi da gulob biyu kawai a irin wannan mota ya rage rabin nauyin.

Gargaɗi: kada ka kama gilashin gulob na halojin, wato irin waɗannan masu zare a ciki, da yatsa. Maiƙon hannu na manne masa, wurin ya fi ko'ina zafi, gulob ɗin ya mutu da wuri. Kama shi ta gindi.

2. Yi lissafin amf a takarda

Raba wat da bolt, abin da ya fito shi ne amf. Ga gulob na halojin, raba da 12, domin a kan 12 aka rubuta ƙarfinsa.

Wat 55: amf 4.6 kowane ɗaya, biyu 9.2.
Wat 60: amf 5, biyu 10.
Wat 100: amf 8.3, biyu 16.7.
Gulob huɗu masu wat 230 a haɗe: wajen amf 19.

Idan inji na aiki, wutar motar kan tashi tsakanin bolt 13.5 zuwa 14.5, halojin kuma yana ƙara jan wuta kaɗan idan bolt ya ƙaru. Saboda haka ɗauki gulob na wat 55 a matsayin amf 5, na wat 100 a matsayin amf 9.

Mutane kan dubi 4.6 da 8.3 su ce ai bai ma kai ninki biyu ba. Zafin da waya da soket ke yi ba haka yake hawa ba. Idan amf ya ninka sau biyu, zafi sau huɗu yake ninkawa. Daga wat 55 zuwa 100, zafin da ke taruwa a bakin soket da cikin makunnin sitiyari ya haura ninki uku. Shi ya sa soket ɗin roba da ya shekara goma lafiya yake narkewa cikin ɗan lokaci bayan an sa babban gulob.

HID, wato gulob mai gas a ciki maimakon zare, mai wat 35, idan aka haɗa da abin da balas ɗinsa (ɗan akwatin da ke kunna shi) ke ci, yakan ja amf 3 da ɗan ɗori idan ya yi zafi. Amma a daƙiƙun farko na kunnawa yana iya jan ninki biyu ko uku na wannan, kuma da wannan jan farko ake zaɓar fis.

LED kuwa, kada ka yi lissafi da abin da aka rubuta a kwali. Kwali na iya cewa wat 200 ko 300, amma mafi yawan waɗanda ke shiga gurbin halojin wat 20 zuwa 35 suke ci, wato tsakanin amf 1.5 da 2.5. Gwaji ne kaɗai zai faɗa maka gaskiya.

3. Auna abin da fitilar ke ja a zahiri

Da mita mai baki: mayar da ita kan amf na DC, danna sifili, maƙala ta a waya ɗaya tak da ke shiga gulob, tayar da inji, kunna fitila. In ka haɗa fozitif da negetif a cikin bakin, sifili za ta nuna maka.

Da maltimita: kashe fitila, cire fis ɗinta, mayar da jar wayar mita ramin 10A, soka kawunan mitar biyu a ramukan fis ɗin, sannan a kunna. Toyota da Honda da yawa suna da fis daban na dama da na hagu, wanda ke sauƙaƙa aikin tunda gulob ɗaya kake aunawa.

Gargaɗi: idan fis ɗaya ke ɗauke da fitilun biyu, ko kuma HID ne, jan zai iya wuce amf 10 ya ƙona fis ɗin cikin mitar. Cire soket na gefe ɗaya tukuna. Da ka gama, mayar da jar wayar ramin bolt nan take. Wanda ya manta ya ɗora ta a kan batir tana ramin amf, ya haɗa fozitif da negetif kai tsaye ke nan.

Sabuwar LED za a iya gwada ta tun a shago a kan batir. Bar ta ta yi minti goma tana ci kafin ka karanta, domin da yawansu suna rage jan wuta da haske idan sun ɗauki zafi. Ninka amf ɗin da bolt ɗin batir, ka samu wat na gaskiya.

4. Auna wutar da ke ɓacewa a hanya

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke raba wanda ke buƙatar sabuwar fitila da wanda wayarsa ce kawai ta gaji. Wuta daga batir sai ta bi ta fis, ta shiga cikin mota wajen makunni, ta dawo gaba ta cikin siririyar waya, ta ratsa soket uku ko huɗu kafin ta isa gulob. Kowace mahaɗa da ta yi tsatsa tana cin nata rabon. A tsohuwar motar Kwatano da ta haura shekara ashirin, ba abin mamaki ba ne batir na nuna 14 amma 12.5 ce ke isa gulob.

Halojin ba ya yafe wannan. Idan bolt ya ragu da kashi 5 cikin ɗari, haske na raguwa da kusan kashi 15. Idan ya ragu da kashi 10, kusan kashi 30 na hasken ya tafi. Mai motar sai ya ɗauka gulob ne ya yi ƙanƙanta, ya sayo na wat 100, wanda zai ja amf fiye da na da ta cikin wannan gajiyayyiyar waya, asarar ta ƙaru. Ya biya kuɗi, hasken bai taka kara ya karya ba, ga soket na dahuwa.

Ga yadda ake aunawa. Inji na aiki, fitila a kunne, soket na jikin gulob bai cire ba. Sa mita a bolt na DC. Jar waya a kan fozitif na batir, baƙar a ƙafar gulob da wuta ke shiga, ta bayan soket. Abin da ta nuna shi ne asarar ɓangaren fozitif, bai kamata ya wuce 0.5 ba. Sai ka sa jar a ƙafar negetif ta gulob, baƙar a kan negetif na batir. Nan bai kamata ya wuce 0.2 ba.

Idan negetif ne ke da asara, nemo inda aka ɗaure wayarsa a jikin mota, kwance notin, goge wurin da samfefa har ƙarfe ya fito fes, ɗaure, shafa giris. Sau da yawa aikin ya ƙare a nan. Idan fozitif ne kuma jimillar asarar ta kai bolt 1, rile kake buƙata, ba babban gulob ba.

Gargaɗi: kada ka cire soket ka auna shi babu gulob. Waya da ta kusa tsinkewa ma za ta nuna maka bolt 14 idan ba abin da ke jan wuta ta cikinta.

Kafin ka wuce, dubi murfin fitilar. In ya yi rawaya ya dushe saboda rana, ko madubin ciki ya ƙone, ba gulob ɗin da zai gyara wannan. A wanke murfin a goge shi, ko a canza gidan fitilar.

5. Duba ko altaneta za ta ɗauka

Ƙananan motoci da yawa altanetarsu, wato na'urar da ke cajin batir, amf 70 zuwa 90 ce, amma wannan adadin sai inji na gudu. A silo ba ta ba da shi duka. Bar motar a silo, kunna ful, AC, fankar ciki a ƙarshe, da rediyo, sannan auna kan batir. Idan ya tsaya sama da 13, akwai sauran wuri. Idan ya gangaro 12.5 ko ƙasa, batir ne ke cike giɓin, kuma duk abin da ka ƙara zai fito ne daga jikinsa, musamman a cunkoson dare. Wasu sababbin motoci kwamfutarsu kan rage caji da gangan na ɗan lokaci, don haka a irinsu ka ɗan jira ka ga ko zai sake hawa.

Doguwar fitilar LED mai wat 120 na gaskiya tana jan kusan amf 9, daidai da ƙara wasu fitilun gaba biyu.

6. Zaɓi abin da za ka sa

A ganina, ga yawancin motoci masu madubin halojin, hanya mafi tsafta ita ce gulob mai kyau na wat 55 ko 60/55 daga kamfanin da aka sani, irin Osram ko Philips, tare da rile. Jan wuta bai ƙaru ba, tsarin hasken bai lalace ba, kuma duk bolt ɗin na isa.

Gulob na 100/90 ba na ba da shawararsa a gidan fitila na roba. Zafinsa na ƙona madubi ya dusar da murfi, bai kuma daɗewa. In dole sai shi, to rile da soket na tangaran wajibi ne.

HID wurinsa fitila mai ƙwayar gilashi da aka ƙera dominsa. A cikin madubin halojin watsa haske kawai yake yi a idon mai tahowa. LED kuma ta danganta da yadda ƙwayoyinta suka zauna daidai inda zaren halojin yake. Masu ƙwaya ta gefe biyu a kan siririn allo sun fi masu gefe huɗu. A kan launin haske, wanda ake rubutawa da lambar K, 4300K zuwa 5000K ya isa. Mai shuɗi-shuɗi na 6500K zuwa sama, ranar da hazon hunturu ya sauko ko ana ruwa, ya fi gajiyar da ido, kwalta kuma ta yi kamar ba a haska ta ba.

Gargaɗi: balas na HID na harba sama da bolt 20,000 lokacin kunnawa. Kada a taɓa wayarsa fitila na kunne, kada a kunna shi babu gulob a jiki.

7. Zaɓi waya da fis

Waya ta jan ƙarfe mai kaurin 1mm², idan amf 16.7 ya bi ta tsawon mita 3, kusan bolt 0.9 ke ɓacewa. A 2.5mm² asarar 0.35 ce, a 4mm² kuwa 0.2. Don haka gulob biyu na wat 55 ko 60, yi amfani da 2.5mm² da fis 15. Gulob biyu na wat 100, 4mm² daga batir zuwa rile da fis 25, sannan 2.5mm² zuwa kowane gulob. Doguwar fitila mai amf 9, 2.5mm² da fis 15. Ƙa'idar fis: ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan amf ɗin da ka auna, ka ɗauki fis na gaba da shi. Launinsu: 10 ja, 15 shuɗi, 20 rawaya, 25 fari, 30 kore.

Wajen saye, ko a Ƙofar Ruwa ne a Kano ko Panteka a Kaduna, kada kaurin roba ya ruɗe ka. Fere bakin wayar ka ga yawan zaren ciki, ka kankare shi da wuƙa. In ya yi fari a ciki, alminiyum ne aka shafa wa ruwan jan ƙarfe, ba ya ɗaukar wuta kamar na gaske kuma yana karyewa. Wayar gida mai sanda ɗaya ma ba ta mota ba ce, girgiza na tsinka ta.

Ta fuskar kuɗi, waya mai kyau ce ke cin kaso mafi girma a aikin rile, rile da fis ba su da tsada. Rile na asali da aka ciro daga motar da aka yanka ya fi sabo marar suna. Akwai haɗaɗɗiyar wayar H4 da ake sayarwa da rile a jiki, tana rage aiki, amma a duba kaurin zarenta kafin a biya.

Gargaɗi: fis waya yake karewa. Idan yana yawan ƙonewa, ba a sa wanda ya fi shi girma, ba a kuma naɗa masa zaren waya. Yin haka na mayar da wayar motar ita ce fis ɗin.

8. Haɗa rile

Cire negetif na batir kafin komai. Rile biyu, ɗaya na dim ɗaya na ful, kowanne da fis ɗinsa, yadda in ɗaya ya ƙone a kan hanya ɗayan na nan. Ɗaure su kusa da batir, ƙafafunsu na kallon ƙasa don kada ruwa ya kwanta a ciki, nesa da salansa.

Ƙafa 30 (lambar kowace ƙafa na rubuce a jikin rile): waya mai kauri daga fozitif na batir, fis a jikinta bai wuce santimita 20 daga batir ba.
Ƙafa 87: zuwa gulob na dama da na hagu.
Ƙafa 85 da 86: daga tsohon soket na motar. Makunnin sitiyari yanzu abin da zai ɗauka bai kai rabin amf ba.
Negetif na kowane gulob: gajeriyar waya 2.5mm² zuwa jikin mota, a wurin da aka goge fenti.

Rile mai ƙafa biyar iri biyu ne. Wani ƙafarsa ta tsakiya 87 ce ta biyu, wani kuma 87a ce, wadda ke da wuta lokacin da rile ke kashe. In ka haɗa gulob a 87a, zai kwana a kunne.

Tsofaffin Toyota da wasu motocin Japan negetif suke yankewa a makunni, ba fozitif ba. Wato ƙafar da ka ɗauka negetif ce a soket na H4, ita ce mai wuta. Gwada da mita kafin ka yanke komai. Hanyar da ke aiki a kowane tsari ita ce a ɗauko 85 da 86 duka daga tsohon soket: ɗaya daga ƙafar da dim da ful ke tarayya a kai, ɗaya daga ƙafar dim ko ta ful. A wasu daga cikin waɗannan motoci shuɗiyar alamar ful a dashbod takan daina kamawa bayan an sa rile ko LED, domin ta cikin zaren dim take samun wuta. Rewaya zai gyara da ɗan resista.

Matse kawunan waya da kyau, kada a murɗa da hannu a naɗe da tef. Soket na ɗaya gefen da ba a amfani da shi, rufe shi. Duk inda waya ta ratsa ƙarfe, sa mata roba.

Gargaɗi: motar da ke kunna fitilar gaba da rabin ƙarfi da rana, ko wadda kwamfuta ke sarrafa fitilunta, rile zai dinga karkarwa a cikinta. Kada a yanke wayar irin wannan mota sai da zanen wayarinta a hannu.

9. Idan LED ce

Wadda ke shiga gurbin halojin ba ta buƙatar rile, tunda jan ta bai kai na halojin ba. In ba ta kama ba, juya soket ɗin, tana da fozitif da negetif. Ƙwayoyinta su kalli dama da hagu, ba sama da ƙasa ba. Fankar bayanta na buƙatar iska, amma kada a jefar da murfin ƙura, a nemo mai zurfi. Gidan fitila a buɗe, ƙura da ruwa za su cinye madubin.

Motocin Turai irin Mercedes, BMW da Volkswagen na zamani suna auna jan kowane gulob. Da sun ga amf 2 a inda suke jiran 5, sai su ɗauka gulob ya mutu, su kawo gargaɗi ko fitilar ta dinga ƙiftawa. Ana magance shi da dikoda ko resista mai om 6, ƙananan na'urori da ke sa motar ta ga kamar gulob na halojin ne a jiki. Wannan resista na jan sama da amf 2, yana mayar da kusan wat 30 zafi, don haka a jikin ƙarfe ake ɗaure shi, nesa da roba da waya. Ragin wutar da LED ta kawo ma ya tafi ke nan.

10. Sake aunawa, sannan saita haske

Mayar da batir, tayar da inji, maimaita mataki na 3 da na 4. Bambancin batir da gulob ya kamata ya dawo ƙasa da bolt 0.5. Bar ful a kunne minti goma sha biyar, sannan taɓa gidan fis, rile da soket. Ɗumi ba laifi, amma wanda ya ƙona yatsa akwai mahaɗar da ba ta matsu ba. Ka sani cewa halojin da ke samun cikakken bolt ba zai daɗe kamar da ba, ƙarin kashi 5 na bolt na iya rage rayuwarsa da kusan rabi, don haka ajiye gulob ɗaya a mota.

Tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, iskar tayoyi daidai. Auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ja layi a bango a wannan tsayin. Kunna dim. Saman hasken ya sauka ƙasa da layin gwargwadon abin da aka rubuta a gidan fitilar: in 1.0% ne santimita 10, in 1.2% ne santimita 12. Rufe fitila ɗaya da kwali ka saita ɗayar da sukurorin bayanta. A fitila irin ta Turai, ɓangaren da hasken ke ɗagawa ya kasance ta dama, wajen gefen titi. In ta hagu yake ɗagawa, gidan fitilar na motar Ingila ne ko ta Japan, sukuro ba zai gyara shi ba, sai an canza shi.